Me ya sa wata ke fitowa ƙato kuma ja daga cikin teku?

Mu mutanen Sahel mun san wata tun muna goye. Da ganinsa muke ɗaukar azumi, da ganinsa muke ajiyewa, a haskensa ƴan mata ke gaɗa a dandali, kuma idan aka ce mutum kamar wata daren sha huɗu kowa ya gane abin da ake nufi. Abin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba shi ne fitowarsa daga cikin ruwa, domin Nijar da Chadi da Mali da Burkina Faso duk ba su da gaɓar teku.

Ni ma na shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai darasin cikar teku da janyewarsa, abin da littafin Faransanci ke kira marée, ina zana duniya da wata a allo, alhali ban taɓa sa ƙafata a ruwan gishiri ba. Sai a wani babban hutu, cikin watan Agusta, kafin rufe iyakar da aka yi a 2023, na shiga kar daga Yamai tare da ɗan yayata mai shekara goma sha biyu. Muka bi Doso da Gaya, muka haye gadar Malanbil, muka ratsa Kandi da Paraku har Kwatano, tafiyar da ta ɗara kilomita 1,000. Muka sauka a unguwar Zango wurin wani dattijo ɗan garinmu.

A rana ta uku muka hau kabu-kabu, wanda a can ake kira zemijan, zuwa bakin tekun Fijirose da ke yammacin tashar jiragen ruwa. Mun isa bayan azahar, muka shimfiɗa tabarma a busasshen rairayi nesa da ruwa. Kafin sakaliya sai ga igiyar ruwa ta hauro ta jiƙe tabarmar, ta tafi da takalmin yaron ƙafa ɗaya. Jim kaɗan bayan magariba kuma, daga gabas maso kudu, bayan jiragen da ke jiran shiga tasha, wani abu ja ya fara leƙowa. Yaron ya kama hannuna ya ce, "Kawu, jirgi ne ya kama wuta?" Cikin ƴan mintuna wata ya fito gaba ɗaya, ƙato, ja kamar garwashi, ya ɗan baje kamar an danna shi.

A hanyar komawa ya jera mini tambayoyi: me ya sa ya yi girma haka, me ya sa ya yi ja, me ya sa ya fito daidai faɗuwar rana, kuma shin shi ne ya turo ruwan da ya ɗauke masa takalmi. Duk tambayoyin suna da amsa, kuma ɗaya daga cikinsu ta shafi rai.

Lokacin fitowarsa

Wata ba shi da hasken kansa. Hasken rana ne yake mayarwa, kuma abin da yake mayarwar bai wuce kashi 12 cikin ɗari na wanda ya sauka a kansa ba. Kullum rabinsa na fuskantar rana. Abin da ke sauyawa shi ne yawan abin da muke gani daga wannan rabin mai haske. Idan wata yana ɓangare ɗaya da rana, bayansa mai duhu ne ke kallonmu, sai mu ce wata ya ɓuya. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka yakan ɗan matsa, sai a ga jinjirinsa a yamma bayan faɗuwar rana, shi ne wanda ake nema a daren ashirin da tara. Idan kuma duniya ta kasance tsakanin rana da wata, fuskarsa mai haske gaba ɗaya ce ke kallonmu. Tun da yana kishiyar rana, dole ne ya fito a gabas lokacin da take faɗuwa a yamma, ya kuma faɗi lokacin da take fitowa. Wannan ne dalilin da ya sa cikakken wata ke kwana ana ganinsa.

Daga ɓuya zuwa ɓuya kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watannin Musulunci ke yin 29 ko 30, shekarar kuma take da kwana 354, wato tana gaza shekarar miladiyya da kusan kwana 11.

Kowane dare wata yana makara da kusan minti 50 a kan daren jiya. Lissafin ba shi da wuya. Yana zagaya duniya ta fuskar gabas, kuma a kowace rana yana yi wa rana nisa da digiri 12 da ɗoriya. Duniya kuwa tana juya digiri ɗaya ne cikin minti huɗu. Kafin ta juyo da mu inda watan ya koma, sai ta ƙara digiri 12 da ɗoriya sau minti huɗu, kusan minti 50 ke nan. Saboda haka wanda ya gan shi ya fito ƙarfe 7 na yamma yau, gobe sai wajen 8 saura, bayan mako ɗaya kuwa sai tsakar dare ta wuce.

Ba kowace gaɓa ba, ba kowane wata ba

Mutane da yawa sukan je bakin teku su jira, wata ya ɓullo musu ta bayan gidaje. Dalili shi ne inda gaɓar ta fuskanta. A Fatsudan, bakin Bahar Maliya, da Mombasa ta Kenya, teku na gabas, don haka daga ruwa wata ke fitowa. A Kiribi ta Kamaru teku na yamma, can sai dai a ga wata yana faɗawa cikin ruwa da asuba, ko a ga jinjirinsa a kan ruwa da magariba.

Gaɓar Kwatano da Lome da Legas kuwa kudu ta fuskanta, ta miƙe daga yamma zuwa gabas. A nan sai an duba lokacin shekara. Rana ba ta fitowa a wuri ɗaya duk shekara, saboda duniya ta karkata da digiri 23 da rabi. Daga ƙarshen Maris zuwa Satumba tana fitowa ta arewa da gabas, daga ƙarshen Satumba zuwa Maris ta kudu da gabas. Cikakken wata, da yake kishiyarta ne, yana yin akasin haka. A watannin damina yana fitowa ta kudu da gabas, wato ta kan ruwa. A watannin hunturu, kamar Disamba da Janairu, ta arewa da gabas yake fitowa, ta kan ƙasa. Da a hutun Disamba muka je, da ba mu ga abin da muka gani ba.

Akwai ƙari a kan wannan. Hanyar wata ta karkata da kusan digiri 5 daga hanyar da muke ganin rana na bi, kuma wannan karkata na juyawa cikin shekara 18.6. Idan ta haɗu da karkatar duniya, wata kan kai digiri 28 da rabi kudu ko arewa, kamar yadda ya faru a 2024 da 2025. Bayan shekara tara da ƴan watanni sai iyakarsa ta dawo wajen digiri 18.

Girman da ido ke ƙara masa

Wannan ita ce amsar da yaron ya ƙi yarda da ita: watan da ke fitowa bai fi na tsakar dare girma ba. Faɗinsa a sama kusan rabin digiri ne, ko a ƙasa yake ko a tsaka. Hasali ma lokacin fitowarsa ya fi yi mana nisa da kusan kilomita 6,400, wato rabin faɗin duniya, don haka ya fi ƙanƙanta da kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Duk wanda ya ɗauki hotonsa da kyamara ɗaya sau biyu, yana fitowa da kuma tsakar dare, zai auna ya ga haka.

Magabata sun daɗe suna muhawara a kan wannan. Aristotal na Girka ya ɗora abin a kan tururin da ke cikin iska. Malamin da ya mayar da batun kan mai kallo shi ne Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya yi aikinsa a Alƙahira ya rasu wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya bayyana cewa mutum yana kimanta nisan abu ne da abubuwan da ke tsakaninsa da shi. Idan wata yana ƙasa, akwai rairayi da ruwa da jirage tsakaninmu, sai hankali ya ɗauka yana da nisa ƙwarai, kuma abin da ke da nisa haka amma ya cika ido dole ya zama babba. Idan yana tsakar sama babu abin gwadawa, sai ya zama ɗan faifai a sarari.

Ana iya gwada wannan ba tare da kashe ko dala ba. Miƙe hannunka, ka rufe ido ɗaya, ka sa farcen ƙaramin yatsa a kan watan: zai rufe shi. Maimaita tsakar dare, farcen nan dai zai rufe shi. Ko ka naɗe takarda kamar bututu ka leƙa ta ciki yadda ba za ka ga komai ba sai shi, nan take zai koma girmansa na kullum. Da muka yi haka a daren da ya biyo, yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ashe idona ne ke yi mini ƙarya."

Akwai dai sauyin girma na gaskiya, amma ba shi da alaƙa da fitowa. Hanyar wata ba da'ira ce cikakkiya ba. Matsakaicin nisansa kilomita 384,400 ne, yakan matso har wajen 357,000, yakan kuma yi nisa har wajen 406,000. Tsakanin mafi kusa da mafi nisa bambancin faɗi ya kai kashi 14 cikin ɗari, na haske kuma kashi 30. Sai dai ido ba ya iya riƙe girman watan jiya ya gwada da na bayan wata shida.

Jan launi da bajewa

Jan launin kuwa gaskiya ne, kyamara ma tana ɗaukarsa. Farin haske haɗin launuka ne. Ƙwayoyin iska sun fi warwatsa shuɗi fiye da ja, abin da masanin Ingila Lord Rayleigh ya yi wa bayani a 1871, kuma shi ne dalilin da ya sa sama take shuɗiya da rana. Idan wata yana tsaka, haskensa na ratsa iska ta gajeriyar hanya. Idan yana daidai layin da sama ta haɗu da ruwa, iskar da yake ratsawa ta ninka ta tsaka kusan sau 38. Kafin ya iso idonmu shuɗin ya watse a hanya, sai ja da ruwan goro suka rage. Danshi da ƙwayoyin gishirin da ke kan teku suna ƙara dusashe shi. Mu ma mun san irin wannan a gida: lokacin hazo, idan ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi ta rufe gari, wata da rana sukan dusashe har a kalle su ba tare da ƙifta ido ba.

Iska tana kuma lanƙwasa haske, kamar yadda sanda ke bayyana a karye idan an tsoma ta a ruwa. A daidai layin, lanƙwasar ta ɗan ɗara rabin digiri, wato ta kai faɗin watan kansa. Ma'ana, lokacin da muka ga gindinsa ya rabu da ruwa, a zahiri duk jikinsa yana ƙarƙashin layin, iska ce ta ɗago mana hotonsa. Kuma tun da ta fi ɗaga gefen ƙasa fiye da gefen sama, sai ya bayyana a baje kamar waina. Cikin ƴan mintuna, yana ɗagowa, sai ya koma da'irarsa ya yi fari.

Abin ba ya daɗewa. Kusa da tsakiyar duniya, inda Kwatano take, wata yana tasowa kusan a miƙe, kuma daga leƙowarsa zuwa fitowarsa gaba ɗaya minti biyu ne da ɗoriya. Wanda ya tsaya sayen kwakwa zai iya rasa shi.

Layin da muke gani ma ba shi da nisan da muke zato. Ga mutumin da ke tsaye a bakin ruwa, bai kai kilomita 5 ba. Abin da ya wuce nan, gantsarewar duniya ta fara ɓoye shi, shi ya sa jirgin da ke nesa ake fara ganin samansa kafin gindinsa. Wannan hujja ce da ɗalibi zai gani da idonsa cewa duniya a dunƙule take. Hanyar hasken da ke shimfiɗuwa a kan ruwa daga wata zuwa ƙafafunka kuwa, dubban ƙananan raƙuman ruwa ne, kowanne na aiki kamar madubi. Waɗanda suka karkato daidai idonka kawai kake gani, don haka idan ka yi tafiya sai hanyar ta bi ka, kuma na kusa da kai yana ganin tasa daban.

Wata da ruwan da ya ɗauki takalmi

A nan sai a bambanta abubuwa biyu da baƙon teku ke haɗawa: cikar teku da raƙuman ruwa.

Cikar teku aikin wata ce da rana. Isaac Newton ne ya bayyana dalilinta a 1687. Kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma jan yana raguwa da nisa. Wata ya fi jan ruwan da ke gefen duniya na kusa da shi, ya fi jan tsakiyar duniya fiye da ruwan da ke can baya. Wannan bambanci ke sa ruwa ya kumbura ta gefe biyu. Shi ya sa a gaɓar Benin da Togo teku ke cika sau biyu ya janye sau biyu cikin sa'a 24 da minti 50. Minti 50 ɗin nan su ne dai na makarar wata. Tsakanin cika da cika sa'a 12 ne da minti 25.

Rana ma tana ja, amma saboda nisanta tasirinta a kan teku bai kai rabin na wata ba. Idan su biyun suka jeru a layi ɗaya da duniya, wato lokacin ɓuyar wata da lokacin cikarsa, ƙarfinsu na haɗuwa, sai teku ya fi haurowa ya kuma fi janyewa. Faransawa na kiran wannan vives-eaux, kuma yakan fi ƙarfi kwana ɗaya ko biyu bayan cikar watan. A dararen bakwai da ashirin da biyu, lokacin da wata yake rabi, bambancin yakan ragu. Mu a ranar babbar cika muka shimfiɗa tabarmarmu.

Teku ba ya cika daidai lokacin da wata yake tsaka, domin nahiyoyi sun tare wa ruwa hanya, kowane teku yana da yadda ruwansa ke kaɗawa, kamar ruwa a kwano. Masanin Faransa Pierre-Simon Laplace ne ya faɗaɗa lissafin ta wannan fuska a ƙarni na 18. Saboda haka kowace tashar jiragen ruwa ke da jadawalinta. Yawan cikar ma ya bambanta: a Kwatano bai kai mita 2 ba, a Mont-Saint-Michel na Faransa yakan kai mita 14, a mashigin Fundy na Kanada kuwa mita 16. Tafkin Chadi da kogin Kwara sun yi ƙanƙanta a ga wannan tasiri a kansu. Cikar kogi a Yamai ruwan sama ne: ta farko a Agusta da Satumba daga ruwan yankinmu, ta biyu a Disamba da Janairu daga ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini watanni kafin nan.

Raƙuman ruwa kuwa iska ce ke haifar da su. Waɗanda ke dukan gaɓar Kwatano da Lome sun taso ne daga guguwowin kudancin tekun Atilantika, dubban kilomita daga nan, kuma sun fi ƙarfi a watannin da ake sanyi a can, waɗanda suka yi daidai da daminarmu da babban hutun makarantu. Gaɓar tana da gangara, don haka raƙumin ruwa yana fashewa ne dab da ƙafar mutum, ya kuma koma da ƙarfi yana zare rairayin da ke ƙarƙashinta. Ruwan da ya taru a baki yakan nemi hanya ya koma ciki ta wata siririyar magudana mai gudu. Wurin yakan yi kama da mafi kwanciyar ruwa, saboda raƙuma ba sa fashewa a cikinsa, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Wanda ya iya iyo a gulbi ko a tafki bai san wannan ruwa ba.

Da muka koma masauki na ba mai masaukinmu labarin takalmin ina dariya, bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ka gode wa Allah takalmi ne. Da ya bi shi ya ɗauko fa?" Yaron ya yi niyyar bi, ni na riƙe rigarsa ba tare da na san girman abin da na hana ba.

Ga mai niyyar zuwa

Duba kwanan watan Musulunci, ka zaɓi daren 15 ko 16, tsakanin Afrilu da Satumba idan gaɓar Benin ko Togo za ka. Yuni ya fi ruwan sama a can, Agusta kuwa ruwa yakan ɗan tsagaita, ko da yake gajimare na iya rufe layin. A Kwatano rana na faɗuwa wajen ƙarfe 7 a Agusta, don haka ka isa da wuri, ka nemi wurin da babu fitilu a gabanka, ka fuskanci gabas maso kudu. Shimfiɗa tabarmarka sama da layin da ruwa ya bar tarkace da jiƙaƙƙen rairayi, domin nan ne iyakar cikar da ta wuce. Kada ka juya wa teku baya, kada yaro ya tsaya a ruwan da ya wuce idon sawunsa, kuma kada kowa ya shiga ruwa da dare. Abin da ruwa ya ɗauka a bar masa. Wanda ya iya iyo, idan magudanar ta ja shi, kada ya yi kokawa da ita: ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita daga cikinta, sannan ya nufo tudu yana ɗaga hannu. Masuntan wurin sun san ruwansu, a tambaye su kafin a matsa.

Malamin da ba zai iya kai ajinsa teku ba yana da abin yi a gida. A daren cikar wata a fita bayan gari inda fili ya buɗe ta gabas, a sa ɗalibai su rubuta lokacin fitowarsa dare uku a jere su ciro minti 50 da kansu, su gwada farce da naɗaɗɗiyar takarda, su kafa sanda biyu su nuna inda ya fito, sannan a dawo bayan wata shida a ga yadda ya koma wancan gefen. Na yi haka da ajina bayan dawowata, kuma da muka iso darasin marée a littafi, ɗalibai ne suka riga ni faɗin dalilin da ya sa teku ke makara kowace rana.